Motar da Ta Sha Man Gara

Duk ƙauyukan da ke gefen Kabo, abu biyu aka san Gwaggo Furera da su: man gyaɗarta da tambayarta. Man dai, ko ba ka da niyyar saye sai ka tsaya ka shaƙa. Tambayar kuwa sai mai haƙuri. Mace ce da in ta ga ƙulli ba ta samun sukuni sai ta ga abin da ke ciki. Tun tana yarinya a ruga take shan faɗa a kan "me ya sa," har furfura ta cika mata kai ba ta daina ba. Ita ce ta taɓa tsare mai awon gyaɗa a bakin sikeli, mutane na layi da jakunansu, wai sai ya gaya mata yadda ƙarfe ya san nauyin buhu alhali ba shi da wuyan da zai yi masa ciwo.

A kakar gyaɗar da muke magana, Furera ta aurar da Sa'a. Sa'a 'yar ƙaninta Jalo ce, wanda ya rasu ya bar ta ko yaye ba a yi mata ba, uwar kuma ba ta daɗe a bayansa ba. Furera ce ta goye ta, ta raine ta, har ta kai ta ɗakin Musbahu, ɗan wani gidan masu sayen gyaɗa a Gwarzo. Yaran suna son junansu, wannan babu shakka. Sai dai gidan na 'yan gari ne, irin waɗanda ke cewa "'yar ruga" suna murmushi, ka rasa yabo ne ko zagi. An yi biki lafiya, saura gara, wato kayan abincin da dangin amarya ke kaiwa gidan miji bayan ta tare. Kuma kowace mace ta san abin da idon surukai ke fara sauka a kai ranar gara. Gero kowa na da shi, daddawa kowa na da ita. Mai ake dubawa. Amaryar da aka kai wa gara babu mai, har ta yi jikoki in faɗa ya haɗa ta da dangin miji sai an tuna mata.

Saboda haka Furera ta zaɓi gyaɗar gonarta ƙwaya ƙwaya, ta soya a kan wuta marar gaggawa, ta murje, ta sheƙe, ta daka, ta yi ta juya tunkuza a turmi har kafaɗunta suka daina jin nata ne. Ta tace man ta cika garwa guda taf. A gyaɗar da ta rage mata a rumbu kuwa, in ka cire iri, ko na miya ba zai fita ba.

Motar da za ta kai kayan ta Dabo ce, autan su Furera. Dabo ya sayar da shanunsa kakaf ya sayi tsohuwar babbar mota a hannun wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, a Kano, don jigilar buhunan gyaɗa zuwa tashar jirgi. Ya sa mata suna Karsana, duk da cewa in da saniya ce da tuni haƙoranta sun zube. Tuƙi dai bai iya ba, ya ɗauki direba, wani Jibirin mutumin Getso, mai yawan shiru. Amma akwai abu ɗaya da Dabo bai taɓa yarda direba ya yi ba, shi ne zuba wa motar mai. A wurinsu, saniyar da aka sayo daga hannun mai ita take lasar kanwa, in ka bar ɗan kiwo ya riƙa ba ta, shi za ta sani, kai ka zama baƙo a garkenka. Jibirin ya yi bayani har ya gaji cewa ƙarfe bai san hannun kowa ba. Dabo ya ce ya ji, amma dai a bar masa mazurarin.

To, a wancan zamani komai a garwa yake zuwa, kananzir, fetur, da man gas da manyan motoci ke sha. In garwa ta ƙare mata su saye ta, su wanke da toka da ruwan zafi, ta koma ta ruwa ko ta mai. Bakinta kuwa kowa da totuwar masara da tsumma yake toshe shi. Da safiyar tafiya garwa biyu ke zauren Dabo, ta gas a lungu bayan asabari, ta Furera a bakin ƙofa. Masu lodi suka ɗauki ta bakin ƙofa suka ɗora. Furera ta gan ta a mota ta ce alhamdulillahi, manta ya hau. Dabo ya gan ta a mota ya ce madalla, abincin Karsana ya hau, a zatonsa man yayarsa na can cikin tulin kwalla da fanteka da aka lulluɓe da zannuwa. Kowa ya gamsu, babu wanda ya tambayi wani. Ranar da tambaya za ta yi rana, ranar ce Furera ba ta yi ba.

Wannan ne hawanta mota na farko. Ta zauna a baya kan buhun gero ita da ƙawarta Altine, wadda ta rufe ido tun daga Kabo tana ta salati. Furera kuwa idonta biyu bai ishe ta ba. Me ya sa bishiyoyin kusa ke gudu, na nesa suna tafiya a hankali? Me ya sa motar ke nishi in za ta hau tudu, ta yi shiru in za ta gangara? Sun wuce Garo da ɗan nisa, rana ta fara zafi, sai Jibirin ya ratse gindin wata ɗorawa ya kashe inji. Ya ce tanki ya kusa ƙafewa. Ya san sauran aikin ba nasa ba ne, sai ya ɗauki butarsa ya shiga bayan wata gona.

Furera ta daɗe kafin ta sauko, don sai da ta lallaɓa Altine ta sakar mata zani. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa sai ta zagaya, tana so ta ga ta ina wannan dabba ke cin abinci, tunda ta duba gabanta ba ta ga baki ba. Ta iske Dabo a gefe, ya ɗaga garwa sama, yana yi wa motar irin sambatun da ake yi wa saniya wajen tatsa.

"Au, a haƙarƙari bakinta yake?" in ji Furera.

"A nan yake, Adda."

Ta matso. Wani siririn zare mai ruwan zinariya ke gangarowa cikin mazurari, a hankali, ba ya fantsama. "Dabo, abin da take sha ɗin haka yake da kauri?"

"Yau dai ya yi mini nauyin zuba, ban san dalili ba."

Hancin Dabo tabar shaƙa ta daɗe da kashe shi, ko gawasa aka ajiye masa a gemu ba zai ji ba. Na Furera kuwa lafiyarsa ƙalau. Ta sunkuya kaɗan, ƙanshin ya doke ta.

"Innalillahi! Dabo, ɗaga garwar nan!"

Ya ɗaga. Garwar ta taho sama sakayau, har ta kusa kuɓuce masa. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Salatin Furera ne ya dawo da Jibirin a guje, butar na zuba. Ya lakaci bakin tanki ya sunsuna, ya dubi maigidansa, ya dubi garwa. Bai ce "na faɗa" ba, kuma Allah ya saka masa da wannan. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kada kowa ya taɓa makulli. Muddin ba a tayar ba, man yana tanki, bai shiga inji ba. Sai a kwance noti ta ƙasa a juye shi, a zuba gas."

"To juye mini abina," in ji Furera, zuciyarta ta ɗan dawo.

"Gwaggo, akwai ragowar gas a ƙasan tankin. Sun haɗu."

"In sun haɗu sa rabu. Kawo in gani."

Jibirin ya shiga ƙarƙashin mota da ƙoƙon da ta miƙa masa, ya sassauta noti, ya taro kaɗan ya sake ɗaurewa. Furera ta ajiye ƙoƙon a inuwa ta tsuguna a kansa. Ita da ta tashi cikin nono ta san cewa in ka yi haƙuri mai yakan taso sama ya bar ruwan nonon a ƙasa. Ta jira. Ta karkata ƙoƙon, ta hura, ta sake jira. Babu wanda ya taso, babu wanda ya kwanta, sun zama abu ɗaya. Ta dangwala da ɗan yatsa ta sa a harshe, ta tofar, ta sake tofarwa. Nan ta tabbata ko kare ba zai ci tuwon da aka yi wa miya da wannan ba. Ba wahalar turmin take tunawa ba, fuskar Sa'a take gani a tsakar gidan mutane ana buɗe kaya ɗaya bayan ɗaya.

"Ina garwar gas ɗin?" in ji Jibirin.

Dabo ya hau mota ya ɗaga zannuwa, ya leƙa bayan buhuna, ya sauko a sanyaye. Gas na can zaure bayan asabari. In aka juye tanki babu abin da za a zuba. In kuwa wani ya koma da ƙafa ya ɗauko, kafin ya dawo da garwa a ka rana ta faɗi, matan da aka tara a Gwarzo sun watse. Ga rashin mai, ga saɓa rana, kunya biyu ke nan a faifai ɗaya. Altine ta fara kuka daga saman buhu. Dabo ya tsuguna ya rafka tagumi, ya kasa haɗa ido da yayarsa.

Furera ta buɗe baki za ta wanke shi tas, kuma ya cancanta. Amma hali zanen dutse. Maimakon faɗa, tambaya ce ta fito.

"Jibirin, wai in ta sha, ina yake zuwa? Ban taɓa ganin ta yi fitsari ba."

"Ƙona shi take yi, Gwaggo."

"Ƙonawa? Wuta ce a cikinta?"

"Wuta ce. Ita ke tura ƙarafan, ƙarafan su juya ƙafafun. Hayaƙin da ke fita ta baya, nata ne."

Furera ta dubi ƙoƙon. Sai ta yagi bakin tsumman da aka toshe garwa da shi, ta murza shi a cinya ya zama lagwani, ta tsoma, ta jingina a bakin ƙoƙo. Ta karɓi ashanar Jibirin ta ƙyasta. Wutar ta yi jinkiri, sannan ta kama, ta miƙe tsaye ba ta ko rawa. Su uku suka zuba mata ido, har Altine ta leƙo tana share majina.

"Ga shi yana ci," in ji Furera. "Da shi muke kunna aci-balbal tun kakanni. Me zai hana ya ci a cikinta?"

Jibirin ya sosa ƙeya. "Fitila daban, inji daban. Hanyar da mai ke bi a ciki ta fi kafar allura ƙanƙanta, wannan kuwa yana da kauri. In da mai fetur ce da na ce miki a'a kai tsaye. Ta gas kuma, na taɓa jin tsofaffin direbobi na gardamar haka a tasha, wani ya ce za ta tashi, wani ya ce za ta toshe. Babu wanda ya gwada da motarsa."

"Kai me ka ce?"

"Wallahi ban sani ba, Gwaggo." Sannan ya ƙara a hankali, "Amma inji da sauran zafinsa, zafi kuwa yana tsinka mai." Idonsa na kan wutar, kuma duk mai hankali zai gane shi ma abin ya fara ci masa rai.

Hukunci dai na mai mota ne. Furera ba ta roƙe shi ba, don ta san abin da ke tsaye a gindin ɗorawar nan shi ne garken Dabo gaba ɗaya, da bijimai da shanun tatsa da maruƙa. In Karsana ta mutu, Dabo ya koma ba shanu ba mota. Ya tashi ya zagaya ta, ya dafa ƙarfen gabanta ya daɗe.

"Adda," ya ce, "in saniya ta ci ɗanyen karmami cikinta ya kumbura, me Baffa yake ɗura mata?"

"Man gyaɗa."

"Kin taɓa ganin wadda ya kashe?"

"Ban taɓa ba. Amma wannan ba saniya ba ce, Dabo, kada ka ce ni na ce."

"Ni na zuba da hannuna. Kuma 'yar Jalo ce ke jira." Ya juya. "Jibirin, bismillah."

Jibirin ya hau ya murɗa makulli. Motar ta tashi kamar kullum, tana cin ragowar gas ɗin da ke hanya. Suka hau titi, kowa ya kasa kunne. Can sai ta yi tari, ta yi wata irin shaƙuwa, ta girgiza har kwalla suka yi ƙara. Altine ta ƙanƙame Furera. Dabo, da ke tsaye a matakala, ya sunkuya yana yi wa motar magana ƙasa ƙasa. Ta sake tari, ta furzar da farin hayaƙi, sannan muryarta ta daidaita. Ta ɗan yi kasala, tudun da take hawa da nishi ɗaya yanzu sai da biyu, amma tana tafiya.

Sai kuma ƙanshin ya taso. Furera ta fara zaton garwar da ke gefenta ce, sai ta ga daga baya yake zuwa. Ta rarrafa bakin mota ta leƙa inda hayaƙi ke fita. Suya ce sosai, irin ta ranar da ake tsame ƙuli-ƙuli daga kasko. Masu jakuna da suka wuce suka riƙa waiwaye suna ɗaga hanci. Wata mai tallar fura ta tsaya cak da ƙwarya a ka tana neman inda ake biki. Furera na hawaye tana kuma mamaki, ta rasa wanne za ta fara gamawa. Ashe haka cikin mota yake, murhu ne kawai da aka yi wa ƙafa.

Kafin la'asar suka shiga Gwarzo, ƙanshin na biye da su lungu lungu, mutane na fitowa ƙofar gida. A gidan surukai an cika tsakar gida da mata. Uwar Musbahu, Uwaliya, doguwar tsohuwa mai kaifin ido, ta tarbe su. Aka yi sannu da zuwa, ina gajiya, ina mutan gida, yaya kaka, yaya aka ji da hidima, aka sake zagayowa. Aka shigo da kaya ana buɗewa. Ga gero, ga alkama, ga nakiya da alkaki, ga daddawa da kuka, ga man shanu a ɗan ƙoƙo. Mata na cewa madalla, amma idonsu na bakin ƙofa.

Altine ta raɗa wa Furera cewa a bar garwar a mota, a ce tana tafe gobe. Furera ta girgiza kai. Ta fita da kanta ta ɗauko ta da hannu ɗaya, ta dire a gaban Uwaliya. Ƙarar da garwar ta yi a ƙasa ta gaya wa kowa komai. Wata daga baya ta yi ƙaramin tsaki.

"Yaya," in ji Furera, "cike na taso da ita. Ƙanena ya ɗura wa mota bisa kuskure. Laifinmu ne, ba na yarinya ba."

"Mota?" in ji Uwaliya. "Ta sha man gyaɗa?"

"Ta sha."

"Ta kuma kawo ku?"

"Ga mu."

Uwaliya ta dubi garwa, ta dubi Furera. Ta ja mayafi ta nufi zaure. A waje ta sa Jibirin ya tayar da motar. Tsohuwar nan, da girmanta da komai, ta zagaya baya ta sunkuya a kan hayaƙi tana kaɗo shi da hannu zuwa hancinta, yadda ake gwada mai a kasuwa. Ta miƙe ta tambayi Jibirin ta ina ya shiga, ta ina ya bi, ina wutar take. Furera, da ta biyo ta, ta ji tana amsa rabin tambayoyin tun direba bai buɗe baki ba. Suka tsaya su biyu kafaɗa da kafaɗa suna leƙen ƙarƙashin mota.

Da suka dawo ciki, Uwaliya ta tsaya a tsakiyar mata. "Wa ya yi tsaki ɗazu?" Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "To ku ji. Ko da man nan ya iso a garwa, cikin ludayi za mu raba wa maƙwabta, kowa ya san an kawo wa amaryarmu gara. Yau akwai gidan da bai samu ba tun daga bakin gari? Ni dai na shaƙa, kuma suyar mai haƙuri ce, ba a ƙona ƙwaya ɗaya ba. An kawo mai, na karɓa. Wadda ta ƙara tayar da zancen, da ni take."

Aka yi guɗa, aka shiga rabon nakiya. Furera ta zame ta shiga ɗakin amarya. Sa'a na bakin gado lulluɓe, kafaɗunta na motsi. Furera ta zauna kusa da ita, ta fara abin da ta yi ta shiryawa tun daga gindin ɗorawa.

"Ki yi haƙuri, 'yar nan. Na so in fitar da ke kunya, sai ga..."

Sa'a ta yaye mayafin, fuskarta jiƙe. "Gwaggo, ba shi nake wa kuka ba. Tun da aka kawo ni nake neman abu ɗaya mai kama da gida a garin nan, ban samu ba. Ɗazu ina zaune sai na ji ƙanshin suyarki ya shigo ta taga. Na ce shi ke nan, kewa ta taɓa mini hankali. Ashe ke ce da gaske."

Furera, wadda ba ta taɓa rasa abin tambaya ba, ta nemi ko guda ta rasa. Ta jawo kan yarinyar ta ɗora a cinyarta, ta bar ta ta yi kukanta.